Dan Allah a taimaka, danƙon wasan yara ya cakuɗe a gashin 'yata

Maman Biyu:

Assalamu alaikum iyaye mata, da ma mazan da ke leƙowa. Dan Allah agajin gaggawa nake nema. Jiya ƙanwar maigidana ta zo ta kawo wa yara tsaraba, cikin kayan har da wannan danƙon na wasa da ake ja yana miƙewa, kala biyu ne, ɗaya a cikin wani ɗan ƙoƙon roba mai kama da ƙwai, ɗayan kuma a ɗan gwangwani, kore shar mai yauƙi da ƙyalƙyali a ciki. Ni dai na san na ce kowa ya mayar da nasa mazubinsa kafin a kwanta kuma duk suka ce min to, ashe ƙaramar, shekararta huɗu, ta ɓoye na cikin ƙwan a ƙarƙashin filo ta kwana a kai. Da safe na zo tashinta sai na ga ƙeyarta ta manne da rigar filo, da ƙyar na raba su tana ihu, abin ya narke ya bi gashin tun daga baki har kusa da fatar kai, faɗinsa ya kai tafin hannuna.

Na ɗora ruwan ɗumi na wanke da shamfu har sau uku, wallahi kamar ƙara masa ƙarfi nake yi, sai ma ƙara bajewa da ya yi. Na sa kum, kum ɗin ya maƙale a ciki, yanzu haka da shi take yawo a kai. Babansu ya ce kawai a kawo almakashi a huta, ni kuma gashin nan Allah kaɗai ya san wahalar da na sha kafin ya kai haka.

Ba a nan abin ya tsaya ba, shi kuma yayan nata koren ya zauna a kai, ya samu kafet ɗin falo da hannun kushin da wandon makarantarsa, har rimot ɗin talabijin bai tsira ba. Wanda ya san abin yi dan Allah ya faɗa min kafin mutumin nan ya dawo daga aiki da almakashinsa.

Anti Mai Gyaran Gashi:

Wa alaikumus salam. Kai, sannu Maman Biyu. Kar ki bari a yanke, kar ki bari. Kuma ki daina sa ruwan nan haka nan, ruwa ba ya cin sa. Mai za ki nema, kowane iri kike da shi a gida, man jarirai ko man zaitun ko man kwakwa, in duk babu ko kwandishana ki labta da yawa. Ki zaunar da ita ki ɗora mata tsohon tawul a kafaɗa, sauran gashin da abin bai taɓa ba ki tattara ki ɗaure shi gefe ɗaya don kar ya yaɗu, sai ki tsiyaya man a wurin har ya jiƙe sharkaf, ki rinƙa murzawa da yatsu a hankali kina cusa man cikin curin. Ki bar shi kamar minti goma zuwa sha biyar, ki ba ta waya ta kalli katun don ta zauna.

Wajen cirewa daga bakin gashi ake farawa ana hawa sama, ba daga tushe ba, mutane da yawa a nan suke kuskure su tura abin ya ƙara dunƙulewa. Ki riƙe gashin da hannu ɗaya tsakanin danƙon da fatar kai yadda ko kin ja ba za ta ji zafi ba, ki ware sili kaɗan kaɗan da yatsa, duk abin da ya fito ki goge a tishu nan take kar ki bar shi a hannunki ya koma. Sai manya sun fita sannan kum mai manyan haƙora, a ƙarshe mai ƙanana. Kum ɗin da ya maƙale ma kar ki fizge, man zai sake shi da kansa. Zai ci miki lokaci fa, ki sa a ranki awa ɗaya ko fiye, amma gashinta zai tsira in sha Allah.

Uwar Gida Sarauta:

Ni dai lokacin da cingam ya kama kan ɗana ɗan kananzir na ɗiga masa, ko minti biyu ba a yi ba ya zame. Ki gwada, ba ruwanki da zaman awa ɗaya.

Malamin Kimiyya:

Haba Hajiya, dan girman Allah a daina ba da wannan shawarar. Kananzir ko fetur ko tina a kan yarinya 'yar shekara huɗu? Ke Allah ya tsare naki ne kawai. Gashin da ya sha kananzir lagwani ne, ta gifta kusa da murhu ko wani ya ƙyasta ashana shi ke nan, ga shi yana ƙona fatar kai, in kuma ya shiga baki ta sarƙe ya gangara huhu wannan maganar asibiti ce. A bar shi kwata kwata.

Maman Biyu, abin da na lura a bayaninki shi ne abubuwa biyu ne daban a gidanki, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan, shi ya sa mutane suke ta gardama wannan ya ce finiga, ruwan tsamin nan na girki, wancan ya ce mai, alhali kowa da irin wanda ya gamu da shi.

Na cikin ƙwan nan, in dai shi ne wanda in an mulmula shi aka jefa a ƙasa yake tsalle kamar ƙwallo, in an ja a hankali ya miƙe, in an fizga da ƙarfi ya katse ɓat, to irin Silly Putty ne. Da man silikon ake yin sa. Asalinsa ma ba don wasa aka yi ba, lokacin yaƙin duniya na biyu ne roba ta yi wa Amurka ƙaranci, wani injiniyan kamfanin General Electric mai suna James Wright a 1943 ya haɗa man silikon da sinadarin borik yana neman abin da zai maye gurbin roba, sai ga wannan abin ya fito, bai yi aikin taya ba bai yi aikin komai ba, sai a 1950 wani ɗan talla Peter Hodgson ya zuba shi a ƙwan roba ya fara sayar wa yara. Abin da ya shafe ki a nan shi ne silikon ba ya shiri da ruwa ko kaɗan, shi ya sa wankin da kika yi sau uku ya tashi a banza. Kuma duk da yana kama da abu mai tauri, in aka bar shi kwarara yake yi a hankali kamar ruwa mai kauri, ɗumi na ƙara masa laushi. Dare guda a ƙarƙashin kai mai ɗumi ya ishe shi ya bi tsakanin kowane silin gashi, ruwan ɗumin da kika zuba kuma ya taimaka masa. Shawarar Anti daidai ce, mai ne ke shiga tsakaninsa da gashi ya sa ya zame. Sifirit ma yana narkar da shi, har da sanitaiza ta wanke hannu mai sifirit a ciki, in wani ɗan guntu ya ƙi fita a bakin gashi za ki iya ɗiga kaɗan a auduga ki murza, amma nesa da ido, ba a fatar kai ba, kuma ba kusa da wuta ba don shi ma yana kamawa.

Koren mai yauƙi kuwa silaim ne, wani gida ne daban. Yawancinsu gam ne irin farin nan na makaranta da ruwa da ɗan sinadarin boraks. Gam ɗin in ka duba shi ƙasa ƙasa kamar dogayen zare ne masu zamewa a kan juna, boraks ɗin ne ke zuwa ya ƙuƙƙulla su su zama raga, ragar ce take ba shi wannan yauƙin. Abu mai tsami yana kwance ƙullin, shi ya sa da kin zuba masa farin finiga, wanda wasu ke kira ruwan kal, za ki ga ya saki ya koma ruwa ruwa a gaban idonki. Wanda ake sayarwa na girki tsaminsa kusan kashi 5 cikin 100 ne, ya isa, ba sai an nemi mai ƙarfi ba.

A taƙaice dai na kan yarinya mai, na kafet finiga. Kar ki juya su.

Uwar Gida Sarauta:

To Malam na ji, Allah ya ba da haƙuri, ni ma gani na yi ana yi. Na janye.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai jama'a. Malam wallahi kamar kana gidan, na cikin ƙwan yana tsalle, jiya har fitila suka kusa fasa min da shi. Na sa man jarirai kusan rabin kwalba, yanzu minti arba'in muna kai, kum ɗin ya fita, kusan rabin danƙon ma ya fita yana zamewa kamar ana zare wa abu riga. Matsalar na kusa da fatar kai, wurin ya cukurkuɗe kuma ta fara gajiya tana ta mutsu mutsu tana cewa wuyanta. Zan bar ta ta huta tukun. Kafet ɗin ne ban taɓa ba har yanzu, ya fara bushewa ta gefe gefe, in bar shi ya bushe ne ko in yi sauri?

Malamar Nazire:

Sannu da fama 'yar'uwa. Ni aikina kenan, yara ashirin da wani abu a aji, babu kalar wannan abin da ban kankare a ƙasa ba, har na kai in na ga uwa ta sako wa yaro shi a jaka sai gabana ya faɗi.

Kar ki bar shi ya bushe in dai silaim ne, ɗanyensa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, in ya bushe gam ne zalla ya koma. Ki samu cokali ki fara kwashe na sama, daga gefe kina turowa tsakiya, kar ki goga da tsumma don cusa shi za ki yi cikin zaren kafet. Sai ki haɗa finiga kashi biyu ruwan ɗumi kashi ɗaya ki zuba a wurin daidai yadda zai jiƙa, ba ki yi ambaliya ba, ki ba shi minti biyar zuwa goma. Tsohon burushin haƙori ya fi komai a nan, ki rinƙa karcewa a hankali kina dannawa da busasshen tsumma fari yana tsotsewa, ki sake zubawa ki sake dannawa har sai tsumman ya daina ɗaukar kore. Daga nan ɗigo biyu na sabulun wanke kwanuka a ruwa ki bi wurin, ki ɗauraye da ruwa zalla, ki ɗora tawul ki taka. Warin finigar zai tafi da kansa in ya bushe. Gefen da ya riga ya bushe ki ɗora masa tsumma jiƙaƙƙe da finigar ki bar shi ya yi laushi tukun. Ƙyalƙyalin nan kuwa ki haƙura, za ki yi wata kina ganinsa, salatif nake naɗawa a hannu ina dannawa yana ɗebo abin da ya samu.

Kushin ma haka, amma ki fara gwadawa a bayan kujerar inda ba a gani don wani yadin yana zuba. In kujerar leda ce ko fata kar ki jiƙa, ki ɓanɓare da yatsa ki goge da tsumma mai ɗan damshi da sabulu kawai. Kuma in ƙasan gidanki mabul ne kar finiga ta zauna a kai, tsami yana cin sa ya bar tabo fari dishi dishi wanda ba ya gyaruwa da wanki.

Wandon makaranta shi ne mafi sauƙi, ki kankare, ki jiƙa wurin a finiga a roba, ki cuɗa, sannan ki wanke yadda kika saba. Abu ɗaya, ki duba da kyau bayan ya bushe kafin ki kai masa dutsen guga, in akwai sauran kore kika goge zafi zai zaunar da kalar daram. Kuma don Allah kar ki ce bari in ƙara bilic a ruwan finigar don ya fi fita, haɗuwarsu tana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, wannan ba wasa ba ne. In za ki sa bilic a farin kaya sai kin ɗauraye finigar tas tukun.

Rigar filon kuma da na cikin ƙwan ya kama, ita ba finiga ba. Ki sa ta a leda ki jefa a firiza kamar awa ɗaya, sanyi yana sa shi ya yi tauri, sai ki kankare da bayan wuƙa ko cokali da sauri kafin ya huce. Abin da ya rage a cikin zaren ki shimfiɗa tsumma a ƙasa ki danna da auduga mai sifirit, a ƙarshe sabulun kwanuka saboda maiƙon da yake bari. Kar ki jefa ta injin wanki da danƙon a jiki, zai raba wa sauran kaya.

Tunda ana maganar, akwai na uku da mutane ke haɗawa da waɗannan, wato irin Play-Doh mai kama da kwaɓaɓɓen fulawa. Shi dama fulawa ce da gishiri da ruwa, kuma shi ne kaɗai ake bari ya bushe, in ya bushe sai a karce da burushi mai tauri a share. In kika sa masa ruwan zafi kin dama koko a kafet ɗinki.

Baban Yara Uku:

Hhhh Allah sarki, mu ma an yi mana. Ina goyon bayan maigidanki a zuciya amma ba zan faɗa da ƙarfi ba kar matan nan su cinye ni.

Maganar rimot, ki cire batir tukun kafin komai. Kar ki zuba masa finiga ko ruwa kai tsaye. Tsinken sakace za ki sa ki bi gefen maɓallan kina tono, sai auduga mai tsinke ki ɗan jiƙa ta da finiga ki matse sosai ki goge, in ya bushe sannan a mayar da batir. In ya shige ciki har maɓalli yana maƙalewa, yawancin rimot ana iya buɗe shi, robar maɓallan takan fito guda ɗaya a wanke ta daban a shanya. Kar ki sa abin goge farce, na gwada a nawa, robar ta yi fari ta narke har lambobin suka goge, yanzu da ka muke canza tasha.

Wata dabara da yarona ne ma ya koya min, in na tsalle ne ya kama abu mai santsi ko ya shiga lungu, ragowar curin za ki ɗauka ki rinƙa dannawa kina ɗagawa da sauri, ɗan'uwansa yake bi ya fito. Kuma in kin gama kar ki zuba ragowar a sinki ko masai, a leda za ki ƙulle ki jefa a shara, mai gyaran famfo ya ci kuɗina a kan wannan.

Malamin Kimiyya:

Ƙari kaɗan a kan koren. Boraks ɗin da ke ciki in ya yi yawa yana sa fata ta yi ja da ƙaiƙayi, in yaro ya haɗiya da yawa kuma amai da gudawa. A Tarayyar Turai dokar kayan wasa ta sa iyaka, sinadarin boron, wanda yake cikin boraks ɗin, da ke fita daga irin waɗannan masu yauƙi kar ya wuce miligiram 300 a kowane kilo, kuma an sha janye wasu daga kasuwa saboda sun zarce. Wanda ya zo ba suna ba bayani a jikin gwangwani ni dai ba na barin yara da shi. Su rinƙa wanke hannu in sun gama, kuma yaron da har yanzu yake kai komai baki a ɗauke masa. In ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa na tsawon mintuna, in jan bai wuce ba a je a ga likita.

Anti Mai Gyaran Gashi:

Maman Biyu na kusa da fatar kan nan kar ki matsa mata. Ki ƙara mai, ki rufe kan da leda ko hular wanka ki bar ta ta yi wasanta rabin awa a inda kike ganinta, in kin dawo da wutsiyar kum za ki rinƙa zaro gashin daga cikin danƙon sili sili, gashin ake cirewa daga danƙo a wannan matakin, ba danƙon ake ja ba. Wajen wanki kuma ki fara shafa shamfun a kan man tun kafin ki sa ruwa, ya fi kama maiƙon, wanki biyu ko uku sannan kwandishana.

Maman Biyu:

Alhamdulillah jama'a ya fita! Dabarar hular wankan nan ita ta ƙarasa aikin Anti, Allah ya saka da alheri. Gaba ɗaya mun ci kusan awa biyu da rabi har da hutu, gashin da ya zube bai fi wanda ke fita a tsifa ba, sai wani ɗan ƙulli ƙarami kamar ƙwayar wake a can baki da ya gagare ni na datse shi, ko ni in ba na nuna ba ba mai ganewa. Wanki uku na yi har yanzu kan yana ɗan sheƙi amma ba komai.

Kafet ya fita saura inuwar kore kaɗan in an haska fitila, gobe zan sake bi. Wando yana kan igiya, rigar filo tana firiza har babansu ya buɗe neman ruwan sanyi ya tsaya yana kallona. Rimot dai maɓallin ƙara murya ya ƙi dawowa, Baban Yara Uku sai ka zo ka buɗe mana. Ita kuma uwar ɓarnar tana tashi daga kujera ko tawul ban cire mata ba ta ce wai ina ƙwanta, a ba ta.